Irin Waken Iya

Ƙanena Habu, wanda mutane ke kira Alhaji Abubakar, ya cinye mini iri. Da rana tsaka ya zo da mota da abokansa uku, ya fasa bakin tulun da na liƙe da laka, ya sa aka tankaɗe tokar da ke ciki, aka dafa waken da na ajiye don shuka. Suka baje a gindin darbejiyar ƙofar gidana suka shanye shi da cokali. Laifinsa ke nan. Na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji huɗu na tsaya, saboda haka yadda abu yake a raina haka nake rubuta shi.

Na san wani zai ce, wake dai? A kan wake mutum zai riƙe ɗan'uwansa shekara da shekaru? Wanda ya faɗi haka bai san Iya ba.

Iya kakarmu ce, ita ta haifi Baba. Daga wajen Gwiwa aka kawo ta ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni, tun Baba bai zo duniya ba. Mutanenta Fulani ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, shi ya sa har ta mutu in ranta ya ɓaci da Fulatanci take zagin kaji. Cikin kayan da ta zo da su akwai wata 'yar gora cike da wake. Ja ne, ƙanana, da ɗan baƙin hanci. Ba shi da kyan gani, in ka kai shi kasuwar Kazaure ba wanda zai waiwaye shi. Amma ba ya jiran ruwa mai yawa, yana nuna kafin gero ya gama fitar da kai, kuma in ya shiga tukunya shi da kansa yake narkewa ya yi kauri, ba sai an taimake shi da gari ba. Duk ƙauyen waken Iya ake ce masa. Matan da suka roƙi irin ta ba su, amma a hannunsu yakan gauraye da wani ya lalace. Nata ne kawai ya tsaya yadda ya zo.

Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka aka ba ƙasar nan mulkin kanta. Abin da na riƙe a lokacin shi ne 'yar tutar da aka raba mana a makaranta, tawa ta yage a hanya, ta Habu ta iso gida lafiya. Sai kuma faten waken Iya, wanda take yi in an gama roro, an buge, an sheƙe, ƙowa, wato ɓawon, ta koma wajen awaki.

Ba ta yarda wata mace ta taɓa mata shi. Tun la'asar take zama da faifai a cinya tana tsinta, tana mita da duk ƙwayar da ƙwaro ya huda kamar da gangan ta yarda aka huda ta. Ta wanke, ta ɗora a baƙar tukunyarta ta ƙasa, ta jefa ɗan guntun kanwa. Kanwar nan tana da ƙa'ida. In ta yi yawa wake ya yi baƙi ya yi ɗaci, in ta yi kaɗan a kwana ana hura wuta. Iya da farce take gutsuro ta, ba ta taɓa kuskurewa ba. Idan wake ya fara fashewa sai ta yanka kabewa ƙanana ta zuba, ta daka daddawa da barkono da albasa a ƙaramin turmi, ta marmasa busasshen kifi in Baba ya samo ranar kasuwa. In babu kifi, ƙuli-ƙuli ya tsaya masa. Daga nan wutar itace ta ƙare, sai ta kara, a hankali, don kada gindi ya kama. Ta sa maburgi tana murzawa a tafin hannu har ka kasa gane ina wake ina kabewa. Ganyen zogale shi ne na ƙarshe, ana gab da saukewa. Sannan ta ɗauko 'yar ƙwaryar man shanunta da take ɓoyewa a saman ɗaki, ta ɗebo da yatsa biyu ta ajiye a tsakiyar tukunya. Ba ta juyawa. Man ya narke ya kwanta a sama, rawaya, yana sheƙi.

Wannan man shi ne asalin rigimata da duniya. Ludayin farko shi ke kwashe shi.

Ana idar da magariba za mu kewaye murhu, mu jikokinta shida ko bakwai, kowa da 'yar ƙwaryarsa, ƙafafu a miƙe wajen wuta. Iya ta ɗaga ludayi ta duba mu ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta san wanda za ta fara ba. Kullum sai na sa rai. Kullum kuma sai ta ce, "Ina maigidan? Miƙo akushinka, ranka ya daɗe, kada ka sake ni."

Habu ke nan. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, saboda haka bakinta ba ya iya kiran sunan, sai maigida, sai angona. Mace kuwa mijinta take fara zuba wa abinci. Wasa ne na kaka da jika, kowa ya sani, ana dariya. Amma man shanun ba wasa ba ne, cikin Habu yake tafiya. Har akushin kakanmu na itace shi aka bar wa, mu kuwa ƙwarya. Ni na girme shi da shekara biyu, amma sunan kakana na wajen uwa na ci, mutumin da Iya ba ta taɓa shiri da shi ba saboda wata tsohuwar rigimar iyakar gona. Ludayina shi ne na uku ko na huɗu, bayan mai ya tafi.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Iya, ni ma ai mijinki ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai? Da wannan ƙeyar? Miji biyu ya yi wa tsohuwa yawa. Karɓi, sha da zafinsa."

Yara suka fashe da dariya. Habu ya ɗaga kai daga akushi, leɓensa na ƙyalli, ya yi mini gwalo. Har yau in na rufe ido ina ganin leɓen nan.

In an gama sha, an suɗe ƙore, sai tatsuniya. Iya ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya ta ce, "Wa ya zo da kunne?" Mu ce, "Mun zo da su, bibbiyu!" Ta ce, "To a shimfiɗa su." Ta san tatsuniyoyi da yawa, na manta rabi. Amma akwai ɗaya da ba ta yi sai daren faten wake, ita ce ta zauna mini.

Wai wake 'yan uwa ne, su ɗari, suka taso daga gona suna neman masauki a gari. A ƙofar gari suka tarar da masu masauki biyu, Tukunya da Ƙasa. Tukunya baƙa ce, mai faɗin baki, mai fara'a. Ta ce, "Maraba da baƙi! Ku shigo, na ɗora muku ruwan wanka mai ɗumi, ga mai ku shafa, ga daddawa ku yi ƙanshi." Ƙasa kuwa ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ɗakina duhu ne, da sanyi, kuma ban da shimfiɗa." Wake suka yi mata dariya suka ruga wajen Tukunya. Sai guda ɗaya, wani ɗan motsattse, ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin toka. Ya tashi fari fat. Da ya iso, Tukunya ta toshe hanci ta ce, "Kai kuma daga ina? Ba na saukar da ƙazami." Ta rufe murfi.

A nan Iya takan rage murya. Ta ce, "Sai ya zauna a bakin murhu yana ji. Can ciki 'yan uwansa sun fara rawa. Wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa, ɓal-ɓal-ɓal, murfi na kaɗa musu ganga. Ƙanshi na fitowa yana dukan hancinsa. Ya yi kuka har tokar fuskarsa ta yi layi biyu."

Da ya gaji, Ƙasa ta ce masa, "Zo ka kwanta." Ya shiga don ba shi da inda za shi. Duhu, sanyi, ba mai yi masa magana. Ruwa ya sauko ya jiƙa shi, ya kumbura, rigarsa ta tsage, ya ce shi ke nan na mutu. Ashe tsira yake yi. Ya leƙo waje yana tambayar 'yan uwansa, kaza ta ce masa, "Waɗanda suka yi rawa? Ai sun yi ta yi har ba wanda ya san kansa daga ɗan'uwansa, aka zo da ludayi." Kafin ƙarshen damina na toka ya haifi ɗari. Su ma suka taso neman masauki, ga Tukunya a ƙofar gari tana washe baki, tana maraba da baƙi.

Sai Iya ta ce, "Tukunya ba muguwa ba ce, aikinta ke nan, ba don ita ba da me kuka sha yanzu? Amma ko da wasa kada a nuna mata inda na toka yake kwana." Ta tura sauran karan cikin murhu ta ce, "Wuta ta ci karanta, magana ta ci ƙarshenta. Kowa ya nemi uwarsa."

Sauran yara sukan tafi suna ɓal-ɓal-ɓal da baki. Ni kuwa tatsuniyar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Wani dare na tsaya bayan kowa ya watse na ce, "Iya, amma shi bai yi rawa ba."

Ta ce, "Bai yi ba."

"Ba a shafa masa mai ba."

"Ba a shafa ba."

"To ai an cuce shi."

Ta kalle ni, hasken garwashi a gefen fuskarta. Na zaci za ta lallashe ni. Sai ta ce, "Gobe da sassafe ka zo ka kwashe mini tokar nan. Kada ka bari raɓa ta taɓa ta."

Tun daga ranar aikin iri ya zama nawa. Ni ke kwashe toka in tankaɗe ta da rariya. Ni ke zama da ita muna zaɓen kwanson da ya fi tsawo da cika, mu ɓare da hannu, ba a bugun iri da sanda. A shanya kwana uku, sai ta sa ƙwaya a haƙori ta ji ta ce ƙas. Sannan a zuba a tulu, toka a ƙasa, wake, toka, wake, a girgiza har ba sauran gurbin da ƙwaro zai yi numfashi, a kifa sakaina a baki a liƙe da laka. Nakan fito fari tun daga gira har ƙafa. Habu ne ya fara ce mini Na-toka, sunan ya bi ni har makaranta. Ko sau ɗaya Iya ba ta kira shi wannan aiki ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Maigida ba ya shiga toka." A lokacin na ji maganar kamar mari.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, aka ce ɗaya a cikinmu ya bar makaranta ya riƙe gona. Ba a yi doguwar shawara ba. Wanda ya saba da toka ai shi ya dace. Ni na fi Habu lissafi, malaminmu da bakinsa ya faɗa, amma Habu ne ya wuce Kazaure, daga can ya wuce Kano, ni kuma na wuce gona. Ranar da zai tafi Iya ta yi masa fate ba lokacinsa ba, ta zuba mai har biyu. Iya ta rasu yana shekararsa ta biyu a Kano. Ni ne a kanta. Maganarta ta ƙarshe da na gane ita ce, "Maigida ya iso?" Bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Tulun kuwa ba ta ce na bar maka ba, ba ta ce komai ba. Yana ɗakina dama, ya ci gaba da zama.

Sai shekarun fari suka zo. Waɗanda suka gani sun sani, ba sai na faɗa ba. Mutane suka ci irinsu, na gero da na wake, wanda ya rage a hannun matan ƙauye na waken Iya duk ya tafi ciki. Ni da matata Hansai mun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, tulu na kallonmu muna kallonsa. 'Yarmu ta fari tana kuka, Hansai ta kalli tulun ta kalle ni, na juya mata baya. Ban fasa shi ba sai da ruwa ya sauka. Shuka biyu ta ƙone. Abin da na iya tsamowa a ƙarshe bai fi tiya ɗaya ba, na mayar da shi toka na liƙe, na ce bana in Allah ya kawo ruwa zan cika gonar gabas da shi.

A daidai lokacin ne kuɗin man fetur ya buɗe wa su Habu. Ya zama babba a wata ma'aikata, ya je Makka, ya yi tumbi, ya sayi mota. In ya shigo ƙauye yara su bi shi da gudu, tsofaffin da suka yi mini kaciya su miƙe tsaye su gaishe shi. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana ci mini rai. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na zuba wa Habu taki ya fi na gonar kowa.

Ranar da abin ya faru na tafi kasuwar Babura neman igiya da ruwan garma. Saura 'yan makonni a yi shuka. Na dawo da yamma, tun daga bakin rijiya ƙanshi ya tare ni. Wake ɗaya ne a duniya ke wannan ƙanshin. Motar ta riga ta tafi, sai sawun taya da ƙasusuwan kifi a gindin darbejiya. Na shiga, ga tulu a kife, ga Hansai zaune ta rafka tagumi.

Ta ce, "Malam, wallahi na faɗa masa. Na ce Alhaji, iri ne fa, shi ke nan ya rage. Ya yi dariya ya ce, haba matar Yaya, a wannan zamanin ake kukan iri? Wai ya daɗe yana ba abokansa labarin faten kakarsa, yau sai sun ɗanɗana. Wai zai aiko maka da buhu guda na sabon iri, na malaman gona, wanda ya fi wannan haihuwa. Da hannunsa ya fasa lakar. Har man shanu ya aika aka sayo a ruga."

Na ce, "Ke kuma kika dafa."

Ta ce, "Ƙanenka ne, da baƙi. In ce masa me?"

Na faɗi maganganu a ranar waɗanda har yau nake neman gafararta a kansu. Ta bar ni na gama. Sannan ta kwance bakin zanenta ta shimfiɗa a tafin hannuna. Ƙwaya tara, motsattsu, da toka a jikinsu.

Ta ce, "Yana tsaye a kaina ina tsinta. Waɗannan na ce masa sun lalace, na kaji ne. Da na ware masu kyau da ya gani."

Buhun ya iso kuwa, bayan sati biyu, direba ya kawo. Fari, manya-manya, kamar haƙoran doki. Sai an yi masa feshi yake haihuwa, in ka dafa shi kuma ruwa daban wake daban, kamar masu gaba. Na kai shi masallaci aka raba. Na taka har Gwiwa wajen dangin Iya, na bi Yankwashi, na bi Kanya Babba, na tambayi masu zuwa daga ƙetaren iyaka, ko wani na da ja mai baƙin hanci. Kowa ya ce a da dai akwai. Na aika wa Habu da baki cewa ya cinye waken Iya har ƙarshensa. Amsar da ta dawo ita ce wai Yaya ya cika riƙo.

Taran nan a bayan ɗaki na shuka su, na kewaye da ƙaya, ina ba su ruwa da buta. Huɗu suka fito, akuya ta ci ɗaya. Shekara uku ba mu sa ko ƙwaya a baki ba. A ta huɗu Hansai ta yi mana fate a 'yar ƙaramar tukunya, muka rufe ƙofa muka sha. Ban gaya wa Habu ba. Na hana kowa gaya masa. Muna haɗuwa a jana'iza da suna, ya ce Yaya ina wuni, in ce lafiya, shi ke nan.

Na yi shekaru ina juya tatsuniyar nan a gona, ni kaɗai. Da ina yaro na ɗauka Iya ta ƙi ni ne. Da na fara furfura sai na ga wani abu. Tsohuwar nan ta san jikokinta kamar yadda ta san wakenta. Ta san wanda in ya ji ƙanshi ba ya iya haƙuri, shi ya sa take cika masa ciki tun da wuri, kuma ba ta taɓa bari ya koyi hanyar tulu ba. Ta san kuma wanda zai iya kwana da yunwa tulu na gefensa. Watakila wannan ita ce tata ƙaunar a gare ni. Limaminmu ya ce in gode wa Allah, amana ta fi mai. Na gode. Amma tunda na ce ba zan yi ƙarya ba, har gobe ina nan a kan maganata ta yaro. Na toka bai yi rawa ba. Da ta zuba mini ludayin farko sau ɗaya tak, da irin bai ragu da ko ƙwaya ba.

Bara bayan roro, ina zaune a tsakar gida Hansai na murza maburgi, sai na ji sallama. Habu ne, a bayan babur ɗin haya daga Roni. Mota ta tafi tun lokacin da kuɗin mai ya ja baya aka rage su daga aiki. Tumbin ya zube, riga na yawo a jikinsa, ciwon suga ya cinye shi. Ya durƙusa zai gaishe ni, sai ya tsaya da baki a buɗe. Hancinsa na motsi.

Ya ce, "Yaya... wannan ƙanshin. Ba ka ce ya ƙare ba?"

Na ce, "Zauna."

Ya zauna a bakin murhu, daidai inda yake zama muna yara. Ya ce likita ya hana shi kusan komai sai wake, ya ci na Kano har ya gaji, duk kamar tsakuwa. Ya ce yana mafarkin Iya. Idonsa ya kawo ruwa. Hansai ta sauke tukunya, ta ajiye man shanu a tsakiya, ya narke ya kwanta. Ta ɗauki ludayi ta juya wajen baƙo, yadda kowace matar kirki za ta yi. Habu kuwa hannunsa har ya tafi wajen tsohon akushin kakanmu, ko tunani bai yi ba.

Na karɓe ludayin daga hannunta. Na janye akushin zuwa gabana. Na kwashe saman tukunyar nan a hankali, ban bar ɗigon mai ba, na zuba wa kaina. Sannan na cika masa ƙwarya, don ba a hana baƙo abinci a gidana. Na shiga ɗaki na fito da ɗan ƙullin tsumma na ajiye a kan gwiwarsa. Ya kwance, toka ta zubo masa a farar riga.

Na ce, "Habu, dube ni. Kai ba maigidan kowa ba ne a nan, mai kiranka haka tana ƙasa, kuma ni na sa ta a ciki kana hanya. Ka sha mai tun kana yaro, ka sha karatu, ka sha mota, duk ban ce maka komai ba, ina kallo ina haɗiyar yawu. Abu ɗaya aka ba ni, toka da abin da ke cikinta, shi ma ka zo da cokali. Yau ka sha wannan ƙwaryar, halak malak. Amma in kana son ta gobe, ƙirga abin da ke hannunka. Tara ka bar mini, tara na ba ka. Gonar gabas rabinta gadonka ne, fartanya na bayan ɗaki. Ka yi rawarka ka gama. Yanzu kai ma shiga ƙasa ka ji yadda sanyinta yake."